Ko Kun Sani? Rabbin Ahaggar Ɗan Ɗakin Kyanwa Ne

Rabbin da ke yawo a duwatsun Ahaggar, kusa da Tamanrasset a Aljeriya, ya fi kusanci da kyanwar gida a kan damisa, duk da rodi-rodin jikinsa. Masana suna jera dabbobi rukuni cikin rukuni, bisa ƙa'idar lissafi: duk ɗan ƙaramin rukuni ɗan babba ne, amma ba kowane ɗan babba ne ɗan ƙarami ba. Babban rukunin da rabbi da kyanwa da damisa ke ciki, Felidae, ya rabu gida biyu, kuma babu dabbar da ke cikin duka biyun. Zaki da damisa suna Pantherinae. Rabbi da kyanwa, waɗanda ba sa ruri, suna Felinae. A 2008 kyamarorin ɓoye suka ɗauki hoton wannan rabbi, Acinonyx jubatus hecki, a Ahaggar.