Kujerar Koci: Nauyi a Kansa, Linzami a Hannun Wasu

A ranar 7 ga watan Yuni na 2016 Stephen Keshi ya rasu a birnin Benin. Kwana uku bayan haka, ana cikin jimaminsa, sai Allah ya yi wa Shuaibu Amodu rasuwa, shi ma a Benin ɗin. Duk mai bin ƙwallon ƙafa a ƙasar nan ya san abin da ya haɗa mutanen nan biyu ya wuce kusancin ranar mutuwa. Kowannensu ya taɓa shan wahalar samo wa ƙasa gurbi a gasar cin kofin duniya, da lokacin tafiya ya yi aka sauke shi aka ɗora wani.

Amodu har sau biyu aka yi masa haka. A 2001 aka miƙa masa Super Eagles tana tangal-tangal, bayan Saliyo ta doke ta an sallami Jo Bonfrere. Ya ci wasanni ukun da suka rage, da Laberiya da Sudan da Ghana, ya samo tikitin Koriya da Japan. Da ya zo na uku a gasar kofin Afirka a Mali a farkon 2002, sai aka ce bai isa ba, aka kawo Adegboye Onigbinde. A watan Nuwamba na 2009 ya sake kai ƙasar, bayan an ci Kenya 3 da 2 a Nairobi. Ya sake zuwa na uku a Angola, aka sake cire shi, aka ɗauko Lars Lagerbäck ɗan Suwidin ana saura 'yan watanni a fara gasa. A duka tafiyoyin biyu maki ɗaya tak Najeriya ta dawo da shi. Keshi kuwa shi ya kai Togo gasar 2006, karo na farko a tarihinta, amma Otto Pfister ɗan Jamus ne ya zauna a benci a can. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ga irin wannan. Harouna Doula ne ya kai ƙungiyar ƙasarsu, Mena, gasar kofin Afirka ta 2012, abin da ƙasar ba ta taɓa yi ba, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. A Yamai suka doke Masar da ci ɗaya mai ban haushi, alhali ita ke riƙe da kofin. Hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Duk da haka aka kawo masa Bafaranshe Rolland Courbis da sunan mai ba da shawara, kuma bayan Gabon ta ci su 2 da nema a wasan farko, sai mai ba da shawara ya zama mai ba da umarni.

Na kawo waɗannan ne domin in nuna inda nake ganin ciwon yake. A majalisu da gidajen kallon ƙwallo mun fi tuhumar koci kan tsarin wasa da canjin da ya yi ko bai yi ba. Waɗannan suna da muhimmanci, ba na musu. Amma babbar wahalar wannan sana'a a wajenmu ita ce an ɗora wa mutum alhakin sakamako, an hana shi ikon da zai samar da sakamakon. An ba shi doki, an riƙe linzami. Kocin da ya daɗe yana aiki da mutuncinsa, idan ka duba, shi ne wanda ya koyi karɓo linzamin nan kaɗan-kaɗan.

Wurin farawa shi ne takarda. Yawancin ƙungiyoyin gasar firimiyar Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne, Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors duk haka suke. Ma'anar wannan ita ce albashi na bin kasafin jiha, shugabannin kulob kuma na canzawa da canjin gwamnati. Kocin da ya karɓi aiki da alkawarin baki, ranar da wanda ya yi masa alkawarin ya bar ofis ba shi da abin nunawa. Gernot Rohr, wanda ya horar da Nijar kafin ya riƙe Super Eagles daga 2016 zuwa ƙarshen 2021, da aka sallame shi ya kai ƙara FIFA, kuma a 2022 aka umarci hukumar NFF ta biya shi kimanin dala 378,000. Abin da ya cece shi kwantiragi ne a rubuce, da kuma kasancewarsa baƙo, domin FIFA tana sauraron rikicin aiki ne idan kocin da mai ɗaukar sa ba 'yan ƙasa ɗaya ba ne. Ɗan gida ba shi da wannan ƙofar, sai dai kwamitocin cikin gida da kotu. Saboda haka shi ya ma fi Rohr bukatar a rubuta komai dalla-dalla: tsawon wa'adi, ranar biyan albashi, abin da za a ba shi idan an kore shi kafin lokaci, da wanda ke da maganar ƙarshe wajen sayen 'yan wasa da fitar da sha ɗayan farko. Na san da yawa suna jin nauyin neman haka, suna tsoron a ce sun cika taurin kai a ba wani. Tsoron yana da dalili. Amma wanda ya ji kunyar magana ranar ɗaukar aiki zai yi ta ranar kora, a lokacin da babu mai sauraro.

Zancen sha ɗayan farko shi ne ya fi komai zafi, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Koci yana samun kira daga shugaban kulob, daga ɗan siyasa, daga dillalin 'yan wasa, wani lokaci daga dattijon da ba zai iya kallon idonsa ya ce a'a ba. Kowa da yaronsa. Idan ya sa yaron da bai cancanta ba, 'yan wasa ne na farkon ganewa, domin su suke atisaye da shi kullum. Daga ranar nan duk abin da ya faɗa a ɗakin canja kaya ya rage nauyi. Keshi ya nuna yadda ake tsayawa. Da zai tafi gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013 ya ajiye Osaze Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki masu buga wasa a gida irin su Sunday Mba da Godfrey Oboabona. An zage shi a jaridu da rediyo. Mba ɗin ne ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa a wasan daf da na kusa da ƙarshe, shi ne kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu. Washegari Keshi ya ce ya ajiye aiki saboda yadda aka riƙa mu'amala da shi a lokacin gasar, sai da ministan wasanni ya sa baki ya janye. Ko da kofi a hannu, rigimar linzami ba ta ƙare ba.

Sai dai tsayawa kan ra'ayi daban, iya faɗar sa daban. A watan Oktoba na 2015 Sunday Oliseh, kocin Super Eagles a lokacin, ya karɓe kyaftin daga hannun gola Vincent Enyeama ya ba Ahmed Musa. Koci yana da ikon yin haka. Amma abin ya zo ne jim kaɗan bayan Enyeama ya binne mahaifiyarsa, aka yi cacar baki a sansani, maganar ta fita duniya, golan da ya tsare wa ƙasa raga sau 101 ya yi ritaya cikin fushi. Oliseh kansa bai wuce Fabrairun 2016 ba, ya tafi yana kukan rashin biyan albashi da saɓa yarjejeniya. A ganina hukunci irin wannan a ɗaki ake yanke shi, mutum biyu, kafin kowa ya ji. Babban ɗan wasa zai iya haɗiye zaman benci idan an kira shi gefe an gaya masa dalili. Abin da ba ya haɗiyewa shi ne ya ji a gaban yaran da suka taso suna kallon sa a talabijin.

Akwai kuma jarabawar da ke zuwa cikin ambulan. A 2018 ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya fitar da bidiyon da ya nuna Salisu Yusuf, mataimakin kocin Super Eagles, yana karɓar dala 1,000 daga mutanen da suka zo a matsayin dillalan 'yan wasa. Shi ya ce kyauta ce, kuma ba ta shafi zaɓen da ya yi ba. Kwamitin ɗa'a na NFF ya dakatar da shi shekara guda tare da tarar dala 5,000. Ban kawo wannan don tozarta mutumin da ya yi wa ƙwallon Arewa hidima ba. Na kawo ne domin a al'adarmu mayar da kyauta abu ne mai nauyi, kuma kocin da ke bin albashin wata huɗu ya fi kowa rauni a gabanta. Amma idan baki ya ci, ido zai ji kunya. Dillali ba ya ba koci kuɗi don Allah. Mafita ɗaya ce, mutum ya sa wa kansa doka tun kafin a gwada shi, kowa ya san ba ya karɓa, har a daina kawo masa.

Lokaci kuwa shi ne abin da koci ba zai iya ba kansa ba. A gasarmu an saba jin an ba koci wa'adin wasa uku, ko ya ci ko ya tattara kayansa. Wanda aka yi wa haka ba zai sa yaro ɗan shekara 18 ba, zai nemi tsofaffin hannu ya tsira da aikinsa, kulob ya wayi gari ba shi da sabon jini. Clemens Westerhof ɗan Holan, yana riƙe da Najeriya, ya fara gasar kofin Afirka ta 1990 da shan kashi 5 da 1 a hannun Aljeriya. Aka bar shi, ya kai wasan ƙarshe a wannan gasar, ya zo na uku a 1992, ya ɗauki kofi a Tunisiya a 1994, ya kuma kai Najeriya gasar duniya karo na farko. Aliou Cissé ya karɓi Senegal a 2015, ya faɗi a wasan ƙarshe na 2019, bai ɗaga kofi ba sai Fabrairun 2022. A nan gida Remo Stars ta garin Ikenne ta zo ta biyu sau biyu a jere a ƙarƙashin Daniel Ogunmodede, ba a taɓa shi ba, a 2025 ta lashe gasar. Gaskiya ne Kwaddibuwa ta kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasar da aka yi a ƙasarta a farkon 2024, Emerse Faé ya karɓa ya ci kofi a kan Najeriya. Irin wannan na faruwa. Sai dai Faé mataimaki ne da ya riga ya san 'yan wasan ciki da bai, ba baƙon da aka sauko da shi daga jirgi ba. Abin da koci zai iya yi a nan shi ne ya zauna da shugabanni tun farkon kaka a amince da abin da ake nema, tsira daga faɗawa ƙaramar gasa ne ko kofi, sannan ya riƙa kai musu bayani kafin su neme shi. Shugaban da ya san dalilin da ya sa aka ajiye wane ya fi wuyar zugawa.

Zuciyata ta fi karkata ga wanda ba a jin sunansa, kocin unguwa da ke tara yara bayan la'asar a filin makaranta, yana sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, yana rarrashin uban da ke ganin tamaula ɓata lokaci ce. Shi ma ana yi masa abin da aka yi wa Amodu. Ya raini yaro shekara biyar, wani ya zo da mota ya ɗauke shi zuwa Legas ko ƙetare, ko sallama babu. Dokar FIFA ta tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma kuɗin nan kulob mai rajista ake ba, bisa abin da takardun yaron suka nuna. Kocin da bai yi wa ƙungiyarsa rajista da hukumar ƙwallon jiharsa ba, bai shigar da sunayen yaransa da ainihin shekarunsu ba, ko da duk unguwa ta shaida shi ya koya wa yaron tsayar da ƙwallo, ba za a ga sunansa a lissafin ba. Shi ya sa nake ganin kafin ya sayi sabbin riguna a kakar bana, gara ya fara zuwa ofishin hukumar da hotunan yaran da takardun haihuwarsu.