Hutun Ma'aikacin Jirgin Ruwa

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kaduna ba nan ya ke tsayawa ba. Ya kan gangara ƙasar Nufe, ya shiga Kwara. Kwara kuwa ta kai shi teku. Teku ruwa ne mai gishiri, ba a shansa, ba a hango ƙetarensa. Da yawa cikinmu ba su taɓa ganinsa ba. Amma akwai mutanen da a kansa su ke neman abincinsu. Su ne ma'aikatan jirgin ruwa.

Iri biyu ne. Akwai sojan ruwa, masu tsaron gaɓar ƙasa. An kafa rundunarsu a Nijeriya cikin 1956. Abin mamaki, a Kaduna a ke fara horar da hafsoshinsu, inda ba teku ko kusa. Makarantar manyan soja da aka buɗe a 1964, arewa da kogi, ita ke koyar da hafsoshin ƙasa da na sama da na ruwa. Sa'an nan akwai ma'aikatan jiragen fatauci, masu kai kaya ƙasashen waje. Labarinsu za mu ba ka, yadda ya ke wajen 1960, zamanin fam da sule.

A zamanin nan gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da kuzar Jos da fatun Sakkwato duk jirgin ƙasa ke kai su bakin teku. A Apapa, kusa da Ikko, a kan loda gyaɗa cikin manyan jirage. Yawancin jiragen na wani kamfanin Ingila ne mai suna Elder Dempster. Cikin 1959 Nijeriya ta kafa nata kamfanin, ta sa wa ɗaya daga jiragenta na farko suna Ɗan Fodiyo. Kamfanin ya yi aiki har 1995. Galibin ma'aikatan mutanen bakin teku ne. Amma mu ɗauka namu ɗan Arewa ne, iyayensa suna wani ƙauye a ƙasar Zazzau.

Aikin ba wasa ba ne. Wani yana ƙasa wajen inji cikin zafi, wani yana bisa yana goge tsatsa yana shafa fenti, wani yana ɗakin girki. Masu tsaro su kan yi awa 4 a bakin aiki, su huta awa 8, dare da rana. Ba Juma'a, ba Lahadi, ba ranar kasuwa. Wani lokaci har da wulaƙanci. A 1959 'yan Nijeriya ma'aikatan wani jirgi mai suna Apapa suka yi yajin aiki a Libaful, babban birnin gaɓar teku a Ingila, don bambancin da a ke nuna musu. Daga Ikko zuwa Libaful jirgin fasinja ya kan yi kamar mako biyu. Jirgin kaya kuwa, da ya ke yana tsayawa ko'ina, sai a yi watanni ba a komo ba.

To, ka ga wanda ya sha wannan ba abin da ya ke so kamar Salla ta same shi a gida.

Nan ne lissafi ke farawa. Kamfani da watan Turawa ya ke aiki, Salla kuwa da ganin wata. Shekarar Turawa kwana 365 ce, ta Musulunci 354. Watau kowace shekara Salla tana matsowa da kamar kwana 11. Dubi Ƙaramar Salla. A 1960 ta zo ƙarshen watan Maris. A 1961 ta dawo wajen tsakiyar watan. A 1962 ta faɗo farkonsa. Wanda ya ce, "Bara a lokaci kaza aka yi," ya nemi hutu a kan haka, sai ya iso ya tarar an cinye tuwon Salla an wanke kwanuka. Wanda ya iya duba kalanda kuwa ya san ranar da zai nema. Idan Ƙaramar ta kuɓuce masa, ya san Babbar tana nan tafe bayan wata biyu da kwana goma.

Kowane ma'aikaci yana da ɗan littafi na aiki. A ciki a ke rubuta sunan jirgin da ya shiga, da ranar shiga, da ranar sauka, da irin halinsa. Kyaftin ke sa hannu. Littafin nan ya fi duk kayan akwatinsa daraja, gama da shi zai sake samun aiki. Idan tafiya ta ƙare, sai a biya shi abin da ya tara. Kuɗin watanni ne su ke zuwa hannu rana ɗaya. Mutum ya ga kamar ba za su ƙare ba. Suna ƙarewa kuwa.

Sayayya tun daga ƙetare a ke fara ta. A Libaful akwai kasuwannin gwanjo, inda ma'aikata su kan sayi kwat da takalma da kayan gida da araha. Wasu su kan kawo su Ikko su sayar, su ƙara a kan albashi. Jirgi ya kan biya ta Las Palmas, wani gari a tsibiran ƙasar Sifen, inda kaya ba su da haraji mai nauyi. Nan a ke sayen agogo da turare da akwatin rediyo. Sai Saliyo, sai Gana, sai gida. Amma a Apapa 'yan kwastan suna jira. Su kan buɗe akwati, su tambayi kuɗin kowane abu. Mai rasit ya nuna, a yanka masa haraji daidai. Wanda ya jefar da nasa don bai san amfanin 'yar takardar ba, sai abin da aka ƙiyasta masa.

Mai hankali ba ya jidar kaya masu nauyi daga can. A tashar jirgin ƙasa a kan auna kaya, abin da ya wuce ƙa'ida a biya masa kuɗi dabam. Saboda haka ƙananan abubuwa ya ke riƙowa, manya sai ya zo Kaduna. Kuma ba ya cusa kuɗinsa duka cikin aljihu. Ya kan je gidan waya ya zuba wasu a asusu, a rubuta masa a littafi. Wasu ya sayi takardar kuɗi da su, wadda a ke kira fas'oda, ya aika wa mahaifinsa tare da wasiƙa. Sauran ya ɗaure a lalita, ƙarƙashin riga.

A tashar Iddo ya ke yankar tikiti. Jirgi ya tashi, ya bi ta Agege, inda Hausawa fataken goro su ke zaune tun da daɗewa. Goro kam a Kudu ya fi araha. Mutuminmu ya kan sayi ƙwarya biyu ko uku, ƙwarya ɗaya goro 100 ke nan, a naɗe masa cikin ganye. Ya riƙa yayyafa musu ruwa a hanya, don kada iskar Arewa ta busar da su. Daga nan sai Abekuta, Badun, Oshogbo, Ilori, har Jebba, inda a ke ƙetare Kwara. An gama gadar Jebba a 1916. Kafin nan a kan jirgin ruwa a ke ɗora taragun jirgin ƙasa a ƙetare da su. Bayan Jebba itatuwa su fara raguwa, kaɗanya da ɗorawa su bayyana, masu talla a tasha su fara kiran fura da nono. Mutum ya ji a jikinsa ya kusa gida. Sai Zungeru, sai Minna. Tafiyar ta fi mil 500, dole a kwana cikin jirgi. Mai barci ya ɗora ƙafa bisa akwatinsa.

Kaduna tasha biyu gare ta a lokacin. Ta farko tana kudu da kogi, inda hanyar Gabas ta haɗu da ta Ikko. Jirgi ya kan daɗe a nan. Baƙo da ya ji an ce "Kaduna!" sai ya yi wuf ya sauka, alhali kasuwa da kantuna suna ƙetare. Wanda ya iya karanta allon tasha ya kan zauna abinsa, har a haye gada, ya sauka a tashar arewa.

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Zariya ko Kano. Ba ganuwa, ba ƙofa. Turawa suka zana shi, suka dawo da mazaunin Gwamna nan daga Zungeru a 1917. Arewa da kogi ne ofisoshin gwamnati su ke, da majalisa, da barikin soja, da babbar kasuwa wadda yanzu a ke kira da sunan Shehu Abubakar Gumi. A kan babban titi akwai kantunan Kingsway da Leventis a wancan zamani. A kanti ba a ciniki. An rubuta kuɗin kowane abu a jikinsa, ka karanta, in ya yi maka ka biya. Wanda bai iya karatu ba ya kan ji nauyin tambaya, ya fita hannu wofi.

Kasuwa kuwa wani abu ce dabam, balle ana saura kwana kaɗan Salla. Cinkoso, ƙura, 'yan dako suna "Gafara dai!", 'yan sane suna bin mutane a baya. Ma'aikacin jirgi ba ya ɓoyuwa. Ga takalmi sau ciki yana ƙyalli, ga agogo, ga tafiya yana buɗa ƙafafu kamar ƙasa tana lilo. Mai rumfa na hango shi ya ƙara kuɗi.

"Sannu da zuwa, maigida. Ga atamfa sabuwar yayi."

"Nawa turmi?"

"Taya mana."

Ya taya. Mai rumfa ya ce, "Albarka." Ya ƙara sisi. "Albarka dai." Ya juya kamar zai tafi. Sa'an nan a ce, "Dawo, na sallama, don kai ne." Ba don shi ba ne, kowa haka a ke gaya masa.

Abin da ya fi cin kuɗi tufafi ne. Shadda ko farin yadi na Baba, atamfa da kallabi na Inna, na uwargida, na ƙanne mata, 'yan riguna da huluna na yara. Akwai akoko na masaƙar Kakuri, kudu da kogi, wadda aka buɗe a 1957, yanzu ta daɗe a rufe. A nan ma lissafi ke ceton mutum. Yadi ɗaya ƙafa 3 ne, watau inci 36. Ya sa ido a kan sandar awo, kada a ja ƙyalle ya miƙe sa'ad da a ke aunawa. A ce yadi sule 3 ne, ya sayi yadi 10. Sule 30 ke nan. Sule 20 ke fam ɗaya, saboda haka fam 1 da sule 10 zai biya. In ya ba da fam 2, canjinsa sule 10. Tun 1973 naira da kwabo mu ke kashewa, amma mai ƙidaya canji da ido rufe har yanzu yana nan.

Bayan tufafi sai fitilar ƙwai, da tocila, da sabulu, da sukari, da kwanon sha na Inna. In kuɗi sun yi saura, keken hawa ko keken ɗinki. A ganina keken ɗinki ya fi rediyo, gama shi yana kawo kwabo gida, rediyo kuwa batir ya ke ci. Rago dai ba a sayensa a Kaduna. In Babbar Salla ce, kuɗin da ya aika ta gidan waya sun riga sun sayi na ƙauye, wanda ya fi araha, tun kafin tsada ta hau.

Akwai kuskure ɗaya da kusan kowa ke yi. Ya sayi yadi ana jajibere, ya kai wa tela. Tela ya karɓa, ya ce, "Gobe da asuba, in Allah ya so." Ga tulin ɗinkin mutane a bayansa har rufin rumfa. Ranar Idi mai sabon yadi ya tafi masallaci da tsohuwar riga. Mai dabara ya kan iso da sauran mako guda, ko ya kai wa telan garinsu wanda ke jin kunyar mahaifinsa.

Daga Kaduna wanda garinsu ke bakin hanyar dogo ya sake shiga jirgi, ya nufi Zariya, ko Funtuwa da Gusau, ko Kano. Wanda nasu ke nesa da dogo sai mota, ta Kawo. 'Yan kamasho su ƙwace akwati, kowa yana rantsuwa motarsa ce za ta fara tashi. A daidaita kuɗin mutum da na kaya tun ba a ɗora ba. Yau jirgin ƙasa na Abuja a Rigasa ya ke tsayawa, tun 2016, masu zuwa daga Ikko kuwa galibi mota su ke bi ko jirgin sama. Kawo dai tana nan da 'yan kamashonta.

A gida wasiƙa ta riga shi isowa. In akwai mai karatu a gidan, an san rana, an share ɗaki, ƙane ya tafi bakin hanya da jaki. In babu, sai an kai wa wani a waje ya karanta. Kafin magariba duk gari ya san nawa aka aiko, masu neman rance sun fara sallama tun mai kuɗin bai iso ba.

Ya durƙusa ya gai da Baba. "Sannu da hanya. Ka same mu lafiya?" "Lafiya lau, Baba." Inna ta kawo ruwa, tana duban fuskarsa ko ya rame. Da dare a buɗe akwati. Tsaraba ba ta 'yan gida kaɗai ba ce. Goro biyar na liman, goma na mai gari, sabulu na gwaggo, alewa ta yaran maƙwabta. Wanda aka manta ba zai manta ba. Samari su kewaye shi a dandali, ya ba su labarin kifin da ya fi ɗaki girma, da garin da ruwa ke daskarewa don sanyi. Tsofaffi su ce ƙarya ce. Gaskiya ce kuwa.

Amma jirgi ba ya jiran kowa. Ranar komawa tana rubuce a takardarsa. In ya makara, a ɗauki wani a madadinsa, gama masu jiran aiki a Apapa sun fi guraben yawa. Saboda haka tun ranar da ya iso ya ke ƙidaya baya baya. Kuɗin tikitin komawa ya ware su dabam, ko Baba bai san inda su ke ba.

Ɗauki fensirinka. A ce an ba shi hutun kwana 30. Ya yi kwana 2 daga Ikko zuwa Kaduna, kwana 2 yana sayayya, kwana 1 zuwa ƙauye. Komawa za ta ci kwana 3, ya ƙara kwana 1 don kada mota ta lalace a hanya. Kwana nawa zai yi a ɗakin uwarsa?