Kowane Aiki da Ledarsa: Sana'ar Masu Rubuta Manhaja

Duk telan kirki a Darmanawa ya san ba a cakuɗa yadin Malam da na Hajiya. Kowane ɗinki da ledarsa, da awonsa a rubuce. Matasan da ke rubuta manhaja da yaren Python a wannan yanki na Tarauni su ma wannan tarbiyyar ce ke riƙe da sana'arsu.

Ga matashi zaune a shago, laftof a cinya, fanka na juyawa da wutar sola. Ayyuka biyu ne a hannunsa: shafin wata makarantar Islamiyya da aka gina da kayan haɗin Python mai suna Django 3.2 na 2021, da sabuwar manhajar lissafin wani kantin magani mai buƙatar Django 5.0. Idan ya zuba su wuri ɗaya a kwamfutarsa, sabon zai ture tsohon, shafin makaranta ya tsaya cak. Maganin abin shi ne ya ware wa kowane aiki nasa ɗakin, wanda 'yan sana'ar ke kira venv.

Sai ka ga ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta python -m venv .venv, sannan source .venv/bin/activate. Nan take sunan ɗakin ya fito a farkon layi, alamar ya shiga. Duk kayan haɗin da ya sauko da su ta umarnin pip a nan za su zauna, ba ruwansu da maƙwabta. In ya gama, sai ya rubuta pip freeze > requirements.txt, wato takardar awo ke nan. Ita yake tura wa abokin aiki, ba ɗakin ba, abokin ya gina irinsa sak a Zariya ko a Maraɗi.

Dabarar tana da tarihi. Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991, Ian Bicking ya ƙirƙiro virtualenv, magabacin venv, a 2007, sai a 2012 aka saka venv cikin Python 3.3. Da aka daina kula da Python 2 a farkon 2020, masu keɓe ayyukansu sun samu damar mayar da su Python 3 ɗaya bayan ɗaya.

Wasu sabbin shiga kan ce abin na cinye data. Amma pip yana adana abin da ya taɓa saukowa, kuma ɓarnar aikin mai kuɗi ta fi ta data ciwo. Riga-kafi ya fi magani.

Don haka, ɗalibi mai koyo, kafin ka rubuta layin farko, gina wa aikin ɗakinsa. Amanar mutane ce a hannunka.