Wa doka ta ba ikon tare mota a hanyoyin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa?

Direban da ya ɗauko masara daga kasuwar Sheme, ko ma'aikacin da ya taso daga Funtuwa zai bi ta 'Yankara, yakan ci karo da shingaye iri-iri kafin ya isa inda za shi. Wasu na 'yan sanda ne, wasu na sojoji, wasu kuma na 'yan sa-kai. Matsalar tsaro ce ta yawaita su, amma ba kowane mai tsayuwa a kan shinge ne doka ta ba ikon neman lasisin tuƙi ko yanka tara ba.

A Amurka akwai jami'in da ake kira sherif, wanda galibi jama'ar gunduma ke zaɓa, kuma a yawancin jihohin ƙasar mataimakansa na da ikon tsayar da direban da ya karya dokar hanya. Arewa ma ta taɓa samun makamancin haka a zamanin En'e, lokacin da 'yan doka ke ƙarƙashin hukumomin gargajiya, kafin gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. A yau sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce tak a Najeriya. Saboda haka ƙaramar hukuma ba ta da 'yan sandan kanta.

Masu iko a kan hanya su ne 'yan sanda, bisa dokar aikinsu ta 2020, sai hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, take kuma aiki da dokar 2007. Ita ce ke lura da lasisin tuƙi, gudun wuce sa'a da lodin da ya wuce ƙima. Tarar da ta yanka kuwa a asusun gwamnati ake biyanta, ba a hannun jami'i ba, kuma direba na da damar ƙalubalantarta a kotu. Bayan su akwai hukumomin jiha: jami'an duba lafiyar ababen hawa, wato VIO, da KASSAROTA, takwarar KAROTA ta Kano, waɗanda dokokin jiha suka shata wa iyaka.

Kotuna na sa ido a kan wannan iyaka. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta hana jami'an VIO na babban birnin tarayya ƙwace motoci da cin tarar direbobi, domin ta ce babu dokar da ta ba su wannan iko. Hukuncin a kan Abuja aka yanke shi, amma darasinsa ya shafi kowa: kaki ba shi ke ba da iko ba, doka ce.

To ina matsayin dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023? An kafa su ne domin taimaka wa jami'an tsaro yaƙi da 'yan bindiga. Binciken mota don neman makamai ko masu kai wa ɓarayin daji kaya aikin tsaro ne, kuma ya kamata direba ya ba da haɗin kai. Amma duba takardun mota da cin tara aikin hukumomin hanya ne. Ɗan sa-kai kuwa, kamar kowane ɗan ƙasa, yana iya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba.

Ita ƙaramar hukuma, tsarin mulki ya ba ta kula da tashoshin mota da ba da lasisin kekuna da amalanke. Sai dai dokar haraji ta 1998 ta haramta kafa shinge a hanya domin karɓar haraji.

Idan an tsayar da kai, ka tsaya, musamman a yankin da ake zaman ɗar-ɗar. Ka lura da suna da lambar jami'in, ka nemi takardar laifi a rubuce, ka kai ƙorafinka ofis ko kotu. Kuɗin da aka miƙa ta taga babu rasit ba tara ba ce, cin hanci ne, kuma doka na hukunta mai bayarwa da mai karɓa.