Karkataccen Siket: Ado Ne Ko Kuskuren Tela?

Yau maganar ɗinki za mu yi, wato siket ko doguwar rigar nan da ake yi wa karkataccen yanka, gefe guda ya sauka har idon sawu, ɗayan ya ɗan ɗage, ko a tattare yadin a tara shi a ƙugu ɗaya. Ni dai ɗinkin yana burge ni matuƙa, amma wallahi sau da yawa in na gan shi a gidan biki sai in rasa gane ado aka yi ko kuwa tela ne ya yi gyangyaɗi a kan keke.

Ai abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Zanin da iyayenmu ke ɗaurawa ma bakinsa gefe ɗaya yake faɗawa, kuma yana kyau ne saboda ƙugun ya kama tsam. To haka siket ɗin yake. Karkatar da aka yi da gangan ba ta fita sai in ƙugu da kwankwaso sun zauna daram. In suka yi sako-sako, kowa cewa zai yi siket ne ya juya miki.

Don haka 'yar uwa, daina aika ƙanwarki da tsohuwar riga wai a yi daidai ita. Je ki da kanki a sa miki tef, in da hali wajen tela mace, ki tafi da takalmin da za ki sa ranar. Ban da shanye ciki lokacin awo, kin san dai za ki ci shinkafar biki! In an gama kuma kada ki tsaya kallon madubi kawai. Zauna, durƙusa kamar za ki gaida manya, ɗaga ƙafa kamar mai shiga adaidaita sahu. In gefen da ya ɗage ya tona miki ƙwauri, a sauke shi tun a shagon.

Sai batun yadi. Wata Bafaranshiya mai suna Madeleine Vionnet ce ta yi suna a shekarun 1920 da yanka yadi ta kusurwa, domin in aka yanka shi haka yana miƙewa ya bi jiki. Amma fa yana ƙara saki bayan ɗinki, shi ya sa gwanayen teloli ke rataye siket ɗin ya kwana kafin su yi kalmasar ƙasa. Yankan kuma yana cin yadi. Turmin atamfa yadi 6 ne, ki tambaya tun farko ko ɗankwali zai fita. Ita atamfa ma tana da tauri, ba ta zubowa kamar yadi mai santsi, ta fi dacewa da siket mai haɗe-gaba irin na zani. Ki duba zanenta kuma, kada tsuntsayen jiki su koma suna tashi a kwance.

A ganina karkata ɗaya ta isa riga. In ƙasa ya karkata, a bar wuya da hannu a daidaice. Gajeruwa kuwa kada ta bari tazarar gefe da gefe ta yi yawa, ƙara mata gajarta zai yi. Ki kuma tuna wa tela ya yanka shafin ciki ya bi karkatar siket ɗin, in ba haka ba zai riƙa leƙowa ta gajeren gefen.