Kafin Ku Cika Keke Ku Tafi Yawon Sallah: Gargaɗi Ga Samarin Abakpa

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana a Abakpa Nike da sauran unguwannin da Hausawa ke zaune a Enugu, wadda in ba a tashi tsaye a kanta ba, wata rana sai mun kwana a bakin rafi muna neman gawa. Da zarar an sauko idi an ci tuwon Sallah, washegari sai ka ga samari sun yi gayya, shida ko bakwai a keke ɗaya, wasu a ƙaramar bas, sun nufi bayan gari wai za su shan iska. Babu wanda ya faɗa wa ubangidansa inda za shi. Babu wanda ya san sunan ƙauyen da za su. A cikinsu babu ko mutum ɗaya da zai iya gaisawa da Ibo, balle ya yi bayani in magana ta taso. Iyakar abin da suka sani, wani ya sa hoto a TikTok yana tsaye ƙarƙashin ruwa mai zubowa daga dutse, don haka su ma sai sun je sun yi nasu.

Ba fitar nake ƙi ba. Wanda ya shekara yana tura kurar ruwa, ko yana tsaye gaban tukubar tsire har tsakar dare, ko yana gadin gidan wani, ya cancanci ya huta. Kuma Allah ya yi wa ƙasar nan wuraren kallo. Ga tafkin Nike nan a bayanmu. Ga hanyar tsaunin Milliken mai kwane-kwane da ke hawa zuwa Ngwo, inda ake da kurmin dogayen itatuwa da kogo mai ruwa a ciki. Gaba da 9th Mile akwai matsirgar ruwa ta Awhum a ƙaramar hukumar Udi, akwai kuma kogo da tafki da matsirga a Ezeagu. Mai son cikin gari ga dandalin Michael Okpara, ga Polo Park. Duk waɗannan ana zuwa a dawo lafiya. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda yaranmu ke faɗa wa ruwan da ba su sani ba kamar a garinsu aka haƙa shi.

Bara waccan, a wani rafi da ke bayan wani ƙauye a hanyar Ugwuogo, na ga abin da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Wasu samari ne 'yan cirani suka sauko da ledojin lemo da rediyo mai kiɗa. A gefe akwai wata tsohuwa da ta jiƙa rogo a ruwa tana wankewa. Da ta ga ɗaya daga cikinsu ya tuɓe riga ya nufi wani lungu inda ruwan ya kwanta luf, sai ta miƙe tana ɗaga hannu tana magana da ƙarfi. Ba su ji abin da take cewa ba, kuma ba su nemi su ji ba. Dariya suka yi mata. Yaron ya juyo ya ce wa abokansa, "Ai ni a dam ɗin garinmu na koyi iyo, wannan har ruwa ne?" Ya shiga da wandon shaddarsa na Sallah. Taku uku ruwan na gwiwa, na huɗu sai kai kawai ake gani, sannan kan ma ya ɓace. Ashe wurin ramin masu ɗibar yashi ne, abin da tsohuwar ke ta faɗa ke nan. Bai yi ihu ba, hannu kawai ya fito sau biyu yana laluben iska. Abokansa suna tsaye, ɗaya ma wayarsa na sama yana ɗauka, yana zaton wasa ne. Wasu matasan ƙauyen biyu da ke loda yashi a tifa su suka yi tsalle suka fito da shi. Da aka kwantar da shi, sai abokan suka rufar masa da dannar ciki wai su fitar da ruwa, wani na cewa a ɗaga shi a kife. Allah ya yi da sauran kwanansa. Tsohuwar da suka yi wa dariya, ita ce ta kwance zanenta na sama ta lulluɓe shi.

Jama'a, ruwan kudu daban yake da wanda muka saba. Birnin Enugu a gindin tsaunukan Udi yake, kuma rafuffukansa irin su Ekulu da Asata da Nyaba daga tudu suke gangarowa. Ruwan sama da ake samu a nan ya kusa ninka na Kano, damina kuma tana kaiwa daga Afrilu har Oktoba. Ana iya tafka ruwa a can saman tsauni kai kuwa kana ƙasa rana na dukanka, cikin 'yan mintoci sai rafin da ke idon sawu ya taso ya zama ja wur, ɗauke da itace da shara. Wanda ke cikin kwazazzabo mai tsayin bango, irin hanyar da ake bi a shiga kogon Ngwo ko a isa matsirgar Awhum, ba shi da gefen da zai kauce. In ka ga ruwa ya fara sauya launi, ko ganye da ƙirare sun fara wucewa, ko ka ji rugugi daga sama, ba lokacin ɗaukar hoto ba ne. Fita ka hau tudu. Ku kuma lura: Babbar Sallah ta 2024 ta faɗo a tsakiyar watan Yuni, ta 2025 a farkonsa. Wato a 'yan shekarun nan yawon Sallah da damina tare suke zuwa.

Gindin matsirga kuma shi ne wurin da ya fi ruɗi. Ruwan da ya daɗe yana faɗowa a wuri ɗaya ya riga ya haƙa gurbi mai zurfi, ga sanyi mai sa jijiya ta ɗaure, ga ruwan na juyawa yana mai da mutum ƙarƙashin inda yake zubowa. Farin kumfan nan da ke ba ku sha'awa ruwa ne gauraye da iska, ba ya ɗaukar mutum sama kamar ruwan tafki. Duwatsun gefe kuwa gansakuka ta lulluɓe su, ga ku da silifas. Wanda ya zame ya bugu a kai, iyon da ya koya a dam ɗin garinsu ba zai amfane shi da komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kansa. Mu kuwa sai mu ce ai ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma addinin da ya koya mana ajali shi ya hana mu jefa kanmu ga halaka.

In abin ya faru a gabanka, kada ka yi tsalle ka bi shi in ba ka ƙware ba. Mai nutsewa duk abin da ya kama ba ya saki, sai a rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Kwanta a bakin ruwa ka miƙa masa sanda, ko gora, ko rawani, ko igiya. Jarka mara komai da aka rufe bakinta tana iya riƙe mutum a saman ruwa, jefa masa. Kira mutanen wurin da iya ƙarfinka. In an fito da shi, a daina wannan dannar ciki da kifewa, amai kawai suke jawowa ya shaƙe shi. A kwantar da shi rigingine a wuri mai ƙarfi, a duba numfashi. In ba ya yi, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, ana yi ana sake hurawa, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a cire jiƙaƙƙun kaya a rufe shi. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo bayan sa'o'i. Ga asibitin koyarwa na Parklane, in kuma karaya ce ga asibitin ƙashi nan a mararrabar Abakpa. Kada a ce sai an koma gida an shawarci Alhaji.

Duk wannan bayani da na jero, tambaya ɗaya za ta iya raba ku da bukatarsa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Kowane ƙauye yana da shago a bakin hanya. Ku tsaya, ku gaisa, ku sayi ruwan leda da biskit ko okpa mai zafi, wanda garin gurjiya ne da manja, babu abin ƙi a cikinsa. Sannan ku tambaya: ana shiga ruwan nan? Ina ne mai zurfi? Wa ke raka baƙi, nawa ake ba shi? Mai shagon da ka sayi kayansa ka gaishe shi da mutunci, shi ne zai ce ya san da zuwanka in wani ya tare ka a gaba. Kuɗin da za ku ba ɗan rakiya bai kai na datar da kuke ƙonawa a TikTok ba, amma a nan ne ake jin "ai damfara ce, mu bi ta baya". Ta bayan nan gonar mutane ce. Kashu da abarba da mangwaron da kuke tsinka kuna tafe suna da mai su.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma kowa ya sani. Zamanin nan na zargi ne. Tun bayan harin da aka kai garin Nimbo a watan Afrilun 2016, ƙauyukan jihar nan ba sa ganin baƙuwar fuska a daji su ƙyale. A 2019 gwamnatin jiha ta ɗauki masu gadin daji 1,700, ga kuma 'yan sintiri a kusan kowace unguwa. Mun kuma ga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida Sallah. Zalunci ne, babu mai musu. To amma sanin haka, wane hankali ne zai sa samari takwas su kutsa kurmin garin da ba a san su ba, babu katin shaida, wani ma da wuƙa a ƙugu wai ta yankan lemo? Ku bar duk wani ƙarfe a gida. Ku riƙe katin ɗan ƙasa. Ku shiga ta ƙofar da kowa ke shiga, ku biya abin da ake biya, ku fito kafin la'asar sakaliya. In ranar ta faɗo Litinin, ku tambaya kafin ku bar gari, don duk da gwamna Peter Mbah ya soke zaman gidan da ake yi duk ranar Litinin tun watan Yunin 2023, ba ko'ina hanya ke daidai da cikin birni ba.

Sai girmama abin da mutane suka girmama. Matsirgar Awhum tana kusa da mazaunin masu ibada na ɗarikar Katolika, kuma da yawan waɗanda za ku tarar a can addu'a ta kai su. Ba wurin kiɗa da shewa ba ne. Ƙasar Ngwo da kewayenta ƙasar dodon Odo ce, in lokacin fitarsa ya yi akwai hanyoyin da ba a bi. In kun haɗu da dodo, ku kauce gefe, ku sauke waya. Wasu rafuffukan ba a kama kifinsu, wasu kurmin ba a shiga. Ba a ce ka yarda da abin da suka yarda da shi ba. Amma kai ma ba za ka so baƙo ya shigo masallacin Juma'a da takalmi yana ɗaukar hoto ba. Kakanninmu da haka suka zauna da mutanen nan, har Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, da ƙuri'ar mutanen gari. Wannan mutuncin gado ne, kada ɗan da ya zo jiya ya zubar mana da shi saboda bidiyon sakan talatin.

Laifin kuwa ba na yaran kaɗai ba ne. Kai Alhaji da ka ɗauko yaro daga ƙauye ka sa shi a shago, iyayensa amana suka ba ka. Ka san nawa ya sayar jiya har da canjin naira hamsin, amma ba ka san inda ya wuni ranar Sallah ba? Tambaye shi: ina za ka, da wa, wane direba, ƙarfe nawa za ku dawo? Ka rubuta lambar keken. Ka haɗa su da ɗaya daga cikin 'ya'yanmu haifaffun Abakpa, waɗanda ke jin Ibo kamar Hausa. In ana ganin hadari, ka ce ba inda za su. Masu kai iyali tafkin Nike, duk wanda zai hau kwalekwale ya sa rigar ruwa, kuma kada a bar wa yarinya 'yar shekara goma tsaron ƙannenta a bakin ruwa iyaye na can suna hira.

Ina roƙon limamanmu da Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a, na masu shayi da mahauta da 'yan ga-ruwa, su sa wannan magana cikin sanarwar Juma'ar da ke gaban kowace Sallah, kamar yadda ake sanar da lokacin idi. Minti biyu ya isa. A faɗa wa samari ƙarara cewa duk wanda zai fita gari ya bar suna da wuri wajen shugabansa, kuma duk ruwan da mutanen wurin ba sa shiga, shi ma kada ya sa ƙafa.