Daga kwamitin makaranta zuwa kujerar kansila

A Ollelewa ta ƙasar Damargu, mai sha'awar siyasa yakan fara yin suna ne a kwamitin makaranta, COGES, wanda iyayen yara ke zaɓa. Shi ke bi gida-gida neman karan gero na rumfar aji, ya lallashi uban da ya tura ɗansa kiwo lokacin karatu.

A da, daga nan sai takarar kansila. An yi zaɓen ƙananan hukumomin Nijar a Yulin 2004, aka sake a 2011 da Disambar 2020. A waɗannan zaɓuɓɓukan, jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a, kansiloli kuma su fitar da magajin gari daga cikinsu. Shi ya sa a lokacin ƙulle-ƙullen bayan zaɓe kan fi na gabansa zafi.

A Afrilun 2024 gwamnatin Janar Tiani ta rushe majalisun ƙananan hukumomin, ta naɗa kantomomi.